Ina Laifin Damagaram?

Jama'a masu karatu, wai me ya sa a littattafanmu in yaya da ƙanwa za su fita waje, sai Dubai ko Landan? Su sauka a otal, su ci abin da mai rubutun ma bai taɓa ɗanɗanawa ba, su dawo ba su gaisa da kowa ba. Ni dai a ganina wannan sayayya ce kawai.

Ga Damagaram nan kusa. Daga Haɗejia a bi ta Gumel, a fita ta Maigatari, an shiga Nijar ke nan. Su riƙa bandar kifin Haɗejia tsaraba, a sauke su gidan dangi a unguwar Birni, a kawo musu fura da cuku da kilishi, a ɗora shayi. Ƙanwa na ƙunshe dariya jin ana ce wa makaranta lakwal, yaya na zungurarta kada ta ba su kunya gaban masu gida.

Akwai ciwo ma a ciki. Rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 ya hana dangi da dama zuwa bikin juna da ta'aziyya. Wa ya rubuta mana wannan?