Layinka naka ne, ko da ka canza kamfani

Idan sabis ya ƙi zama a unguwarku a Mainika, ko data ta riƙa ƙarewa kamar ana zuba ruwa a kwando, me kake yi? Yawancinmu sabon sim muke saya, mu jefa tsohon cikin aljihun tsohuwar riga. To, akwai asara a nan.

Tun ranar 22 ga Afrilun 2013 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ba ka damar ƙaura daga wani kamfani zuwa wani da lambarka ɗungurungum. Za ka je ofishin kamfanin da kake son komawa da katin shaida, ka cike fom, ka tura kalmar PORT zuwa 3232, su ba ka sabon sim mai tsohuwar lambarka. Sai dai ka cinye kuɗi da datar da ke kan layin tukuna, don ba sa bin ka.

Me ya sa wannan ya fi damunka yanzu fiye da 2013? Saboda lamba ta zama shaida. Tun Disambar 2020 aka tilasta haɗa layi da NIN. Da ita banki ke turo maka alat, da ita ka buɗe OPay da WhatsApp, kuma JAMB da lambar da ka yi rajista da ita ta san ka. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kuwa, kamfani na karɓe shi ya sayar wa wani. Ka ga kenan wani baƙo na iya karɓar saƙon bankinka.

Gaskiya tsarin bai yi wa ɗan karkara adalci ba. Sai ka je da kanka, wato kuɗin mota zuwa inda ofishi yake, alhali sabon sim yana nan kusa. Bayan da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kamata ya yi a sauƙaƙa wa mutum guduwa daga mai tsada.

Wani abu kuma: 0803 ba lallai MTN ba ce yanzu, 0802 ma ba lallai Airtel ba. Kafin mai POS a Gwarzo ko Kabo ya loda wa ƙanwarka kati, tambaye ta wane kamfani take yanzu.