Kokawa da Zayyana ga Yara Makafi da Kurame da Guragu

 

Ya ku malamai da attajirai na Gusau da Tsafe da Bungudu, duk wanda ya ratsa kasuwanninmu ya san abin da za mu faɗi. Yaro makaho, ko kurma, ko wanda shan'inna ta taɓa, da ya tasa sai a miƙa masa ƙoƙo a ce ya tafi bara. Tsararrakinsa suna makaranta da dandali, shi kuwa yana bakin tasha. Zaman nan shi ke ƙara sandarar da gaɓoɓi, ya kuma kashe zuciya. A shekarar 2020 aka tabbatar ƙwayar shan'inna ta asali ta ƙare a Nijeriya, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu.

To, ga abin da muka gani ya kamata. Mutanen Japan suna da wata irin kokawa da ake kira judo. Tun 1988, a birnin Seoul na ƙasar Koriya, makafi suka fara yin ta a babban wasan naƙasassu na duniya. Dabarar ita ce, sai kowa ya riƙe rigar abokin karawarsa kafin alƙali ya ba da izni, hannu ya tsaya a madadin ido. Ashe kokawarmu ta gargajiya, wadda ita ma riƙo ce da sanin nauyin abokin karo, ba za ta gagari yaro makaho ba. Haka kuma wani Bakano, Misbahu Lawan Didi, ya ƙago wa guragu ƙwallon da ake bugawa da hannu bisa katako mai ƙananan tayoyi.

Kada wani ya ce wasa ne na banza. Ya zo a hadisi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Abdullahi ɗan Ummu Maktum kuwa makaho ne, amma ladanin Madina ne.

Sai dai a yi hattara. Dambe ba na yara ba ne, domin bugun kai yana da haɗari. Mai farfaɗiya ko raunin wuya kada ya shiga fage sai likita ya duba shi.

Wanda kokawa ba ta dace da shi ba, ga aikin hannu. Zayyanar allo tana hannunku, malamai. Kurma yana da ido da haƙuri. Ku zaunar da shi tare da almajirai, ku ba shi alƙalami da tawada. Abin da harshe ya kasa furtawa hannu zai fitar, hankalinsa ya kwanta. Saƙar tabarma da ginin tukunya su ma suna ƙarfafa yatsu.

Ku kuma attajirai, abin da ake nema gare ku kaɗan ne: yashi a zuba a fage, alluna, kaba, da ɗan hasafi ga mai koyarwa. In yaran sun yi abin sayarwa ku saya da kuɗinsa, kada ku mai da shi sadaka.

A 2019 an sa hannu kan dokar da ta hana wariya ga naƙasassu a Nijeriya. Amma doka ba ta zuba yashi, ba ta fiƙe alƙalami. Kowace unguwa ta fara da yaran da ta sani, tun daga kakar bana.

Allah ya sa mu dace, amin. Wassalamu.