Ƙofar da aka auna a salula

Akwai wata ƙofar ƙarfe jingine a zaurena yau wata biyu. Koriya ce shar, fenti na sheƙi, har da zanen fure a samanta. Aibinta ɗaya ne: ta ƙi shiga gurbin da magini ya bar mata, ta fi shi faɗi da kusan taƙi guda. Kaza ta mayar da bayanta wurin ƙwai, ɗakin da na gina kuwa har yau tabarma ce ke rufe bakinsa.

Daga gidana zuwa rumfar mai waldar da ya ƙera ta tafiyar minti goma ce a ƙasa, tafiyar tsoho ma. Ranar da na ba shi aikin na ce, "Ɗana, ka zo ka auna." Ya ce, "Haba Baba, ba sai na zo ba, a turo mini ta WhatsApp." Jikana ya ɗauki hoton gurbin, ya rubuta lambobi ya tura. Ashe yaron daga bayan bulo ya ɗora awon, ba daga ciki ba. Mai walda ya amsa da hoton babban yatsa, ni kuma na aika masa da kafin alƙalami jika talatin. Da ƙofa ta iso a amalanke ta ƙi shiga, na kira shi sau uku bai ɗauka ba. Can sai ga saƙo: lambobin da jikana ya tura ne, ya zagaye su da jan layi. Wato ga hujja, laifinku ne.

Ban musa hujjarsa ba. Amma wane ne mai sana'ar, shi ko ɗan firamare? Kuɗin da na biya ba na ƙarfe da fenti kaɗai ba ne, har da na idonsa. Ya karɓi kuɗin ido, ya bar idon a rumfa.

Da shi kaɗai ne da na haɗiye fushina na yi shiru. Abin ya zama ruwan dare a Gure. Tela, mai gyaran babur, magini, ma'aikacin buro, kowa ya sami katangar da zai laɓe. Kada wani ya ce mini saboda sauri ne. Ƙarya ce. Mutum ne ba ya son ya dubi idonka ya ce "ban gama ba," ko "kuɗin ya ƙaru," ko "na ɓata maka yadi." Waɗannan kalmomi suna da nauyi a baki, a yatsa kuwa ba su da shi. Ka ga alamar nan biyu ta zama shuɗiya, ka san ya karanta, shi ma ya san ka sani, kuma ya kwana lafiya. A da telan da ya saɓa maka alkawarin kayan Salla sai ya sauya masallaci na mako guda don kada ku haɗu a sahu. Wannan kunyar ce ke riƙe da cinikinmu, tunda ba kowace rigimar jika biyar ake kaiwa gaban alƙali ba. Yanzu an samo dabarar saɓa alkawari ba tare da an ji ta ba.

Sannan wa ake rubuta wa? Nan Gure ne, ba Paris ba. Mangawa, Hausawa, Tubawa, Fulani da Buzaye ke cin kasuwa ɗaya, kuma yawancin manyanmu ba su yi boko ba. Na ga tsohuwa ta ɗauki salularta ta bi gida uku tana neman ɗan lakwal da zai karanta mata saƙon da aka turo game da bashinta. Kafin ta san nawa ake bin ta, unguwa ta sani. A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, aka yi ta murna a rediyo, amma saƙon buro har gobe da Faransanci yake zuwa, Faransancin ma irin na takardar kotu. Wasu ƙungiyoyin agaji kuwa nasu ya fi ban haushi. Za su ce wa masu lambu da masu kanwa na cikin kwaruruka su aiko da buƙatunsu ta imel. Mutumin da sai ya hau tudun rairayi ya ɗaga hannu sama kafin ya sami rezo, shi ake jira ya buɗe imel! In bai aiko ba a rubuta a rahoto cewa mutanen ba su nuna sha'awa ba. Motar da za ta kai su wurinsa tana ajiye a inuwa, da mai a cikinta.

Na san abin da samari za su ce: ai muna tura bokal, ga murya nan. To, ya fi rubutu, na yarda. Amma bokal huɗuba ce, ba hira ba. Ba ka iya tsayar da mai magana ka ce "dakata, wane baƙi kake nufi, mai duhu ko mai haske?" Minti huɗu zai yi, biyu gaisuwa, ɗaya kukan jaki a bayansa, abin da kake son ji yana cikin daƙiƙa goma na ƙarshe, kuma shi ɗin ne iska ta cinye.

Duk mai son ya ga abin da muke zubarwa ya je kasuwar dabbobi ta Gidigir ya tsaya kusa da tsohon dillali. Bai yi lakwal ba, amma yana juya harshe uku ko huɗu a ciniki ɗaya. Zai buɗe bakin sa ya duba haƙora, ya danna gadon baya, ya sa a ja shi ya ga takunsa. Mai saye ya taya, mai dabba ya kawar da kai ya ce "albarka." Daga yadda ya faɗi albarkar nan dillali ya san ko saura jika goma ko saura hamsin, ya san ko mutumin na da mara lafiya a gida ne ko kuwa gwada kasuwa ya zo yi. Sai ya ja wannan gefe ya yi masa raɗa, ya ja wancan, har a kai ga "na sallama." La'adar da yake karɓa ba ta surutu ba ce. Shi ya san mai dabbar da rugarsa, in gobe aka ce ta sata ce wuyansa za a kama. Yanzu kuwa an fara sayar da rago da hoto. Yaro ya durƙusa ya ɗauko shi daga ƙasa, ɗan tunkiya ya fito kamar maraƙi, a tura wa mai saye a Damagaram ko Maigatari. Rago ya isa, zagi ya biyo baya, shi ma ta salula.

Mun ga iyakar rubutu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka rufe iyaka da Nijeriya har zuwa Maris na 2024, ga naira tana ta zubewa. Farashin da aka rubuta da hantsi kafin la'asar ya zama gawa. Cikin waɗanda na sani, masu ɗaga waya su ce "Alhaji, ka ga yadda canji ya koma, yaya za mu yi?" sun raba asarar a tsakaninsu, suna kuma ciniki har yau. Masu tura wa juna hoton tsohon saƙo a matsayin shaida, wasunsu ko gaisuwa ba sa yi.

Ni ba maƙiyin salula ba ne. Tsakaninmu da Damagaram ya haura kilomita 160, kuma na tuna zamanin da ake damƙa wa direba kuɗi a ƙulle cikin tsumma ana addu'a. Yau ka shiga Nita ko Al Izza, kafin ka koma gida kuɗin sun isa. Rubutu ma ba abin rainawa ba ne: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Amma abin da mutum biyu suka fahimta suka yarda da shi ake rubutawa. Mu kuwa mun kifar da abin, muna rubutu don kada mu yi maganar. Kuma na'urar nan da ake latsawa tana da wurin kira. Kada a kawo mini zancen kiredi, wanda ya iya kallon bidiyo har tsakar dare bai rasa na kiran minti biyu ba.

Jiya dai na ɗauki sandata na taka har rumfar mai walda. Yana ganina ya kashe inji, ya cire baƙin gilashi, ya goge benci da hannun rigarsa. "Sannu da zuwa, Baba. Da ka aiko ai da na zo." Ban tanka wannan ba. Na ce masa a gaban yaransa ya ɗauko awonsa ya biyo ni. Ya biyo ni, kansa a ƙasa, ba wanda ya ce uffan har gida.

Ya ɗaga tabarmar, ya auna ƙasa, ya auna sama, ya sake aunawa. Sai ya yi tsaki.

"Baba, ai gurbin ma a karkace yake. Sama ya fi ƙasa tsukewa da yatsa uku. Ko da lambobin sun zo daidai ba za ta zauna ba."

Ya ce gobe zai turo amalanke a ɗauke ta ya rage, amma sai magini ya fara gyara bakin. Maginin kuwa tun asuba nake kiransa. Ɗazu ya turo mini hoton hannu biyu a haɗe.