Bayan Walimar Kammala Karatu, Sai Ina?



Duk lokacin da jami'o'in ƙasashen waje suka yaye ɗalibai, sai wayoyinmu su cika da hotunan 'ya'yanmu, wannan daga Masar, wancan daga Malesiya, wata ta yi zarra a ajinsu. A yi ta barka da sa albarka. To, bayan an watse daga walima, ina yaron ya nufa?

Mu tuna da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da aka haifa a nan Kaduna a 1966. Tun yana ƙarami ba shi da abin so kamar zanen mota. Ya fara karatun zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, daga baya ya koma kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi. A 1990 gwamnatin jihar Sakkwato ta ɗauki nauyin karatunsa a Detroit, cibiyar ƙera motoci ta Amurka. Da ya kammala a 1994, kamfanin General Motors ya ɗauke shi aiki, kuma shi ya zana siffar motar nan mai aiki da lantarki, Chevrolet Volt, da aka nuna wa duniya a 2007. Sai a 2017 ya dawo gida ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa.

Ku lissafa: daga 1994 zuwa 2017, shekara 23 ke nan. Kuɗin talakawan Sakkwato ne suka kai shi, amma Amurka ce ta fara cin moriyar basirarsa. Ba laifinsa ba ne. Can akwai masana'antar da ke jiransa, nan fa?

Dattawan garin nan sun san lokacin da Fijo 504 ke fitowa fil daga masana'antarta da ke Kakuri, a tsallaken kogi. Yau titunanmu motocin Kwatano ne suka cika su. Amma hannun sana'a bai mutu ba. Ku leƙa Panteka ku ga maƙera da masu walda suna haɗa injin niƙa da na sussukar masara daga tarkacen ƙarfe, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna kusa da su. Injiniyar da ta dawo da digiri daga waje, wa ya taɓa kama hannunta ya kai ta wurin waɗannan bayin Allah?

Muna kira ga hukumar ba da tallafin karatu ta jiharmu: duk ɗalibin da za a tura waje, a zauna da shi a ji burinsa, a biya masa kuɗin makaranta a kan kari, sannan a tanadar masa wurin aiki ko jari kafin ya sauka daga jirgi. Attajiranmu kuma, don Allah ku buɗe wa yaran nan ƙofa.