Rangwamen Da Ake Biya Da Nasaba

 Wani ɗan'uwa daga cikin manoman shinkafa na ƙasar Auyo ya tare ni bayan karatu a Haɗeja da tambayar da ta hana ni barci. Shekara tara da aure, ba haihuwa. Sun je wani asibiti a birni don dashen ƙwai, wanda jama'a ke kira haihuwar kwalba, kuɗin ya fi ƙarfinsu. Sai aka ce za a yi musu rangwame mai yawa in matarsa ta yarda a raba ƙwayayen da za a ciro daga jikinta, rabi nata, rabi na wata mai kuɗi wadda nata ba su da amfani.

Wannan dabara ba a nan aka faro ta ba. A Ingila, inda aka haifi jaririyar kwalba ta farko a 1978, asibitoci sun soma wannan musaya tun shekarun 1990. Ku lura, su kansu tun 2005 dokarsu ta bai wa yaron da aka samu da ƙwan wata damar sanin mai ƙwan in ya kai shekara 18. Ashe har wanda ba ya karanta babin nasaba ya san jini yana neman asalinsa.

Asalin maganin ba haram ba ne. Shaikh Jadul Haƙƙ, muftin Masar, ya halatta shi a 1980 tsakanin miji da matarsa, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta tabbatar da haka, ta haramta duk surar da wani na uku ya shiga ciki, da maniyyi ne, da ƙwai, ko da mahaifa. Kada wani ya ce, to, ai kishiya ba bare ba ce. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta taɓa sauƙaƙa a dasa a mahaifar kishiya a 1984, amma a 1985 ta janye. In mahaifar matar da ke ƙarƙashin miji ɗaya ba ta tsira ba, ina ga ƙwan matar wani?

Yaron da mai kuɗin za ta haifa ɗan wa ke nan? Ƙwan na matar manomi ne, maniyyin na wani namiji ne da babu aure tsakaninsu. Wa zai gada, wace ce muharramarsa? Gobe yana iya neman auren 'yar wannan manomin, ba wanda zai tsayar da shi, domin takardar tana kulle a asibiti. Sa'annan a duba wanda ke ɗaukar nauyin. Talaka ce za ta sha allurai kwana goma ko fiye, da haɗarin kumburin ciki, kuma mai yiwuwa nata dashen ya faɗi na waccan ya kama. Ana kiran wannan kyauta, alhali wadda aka matsa da tsada ba kyauta ta yi ba, ciniki ne aka sa masa riga.

Sai dai faɗin haram kawai ba ya share hawayen matar da ake yi wa gorin juya a gidan suna. Laifinmu yana nan. Maza nawa ne cikinmu suka yarda a auna su kafin su ƙaro aure, bayan likitoci sun tabbatar cewa matsalar sau da yawa daga namiji take? Kuma a wannan fadama tamu, daga Haɗeja har Kirikasamma da Guri, tsargiya ta zama kamar gado, kuma tana iya toshe hanyoyin mahaifa, alhali maganinta ƙwayoyi ne masu araha. Yarinyar da aka yi wa magani yau ba lalle ta nemi kwalba gobe ba.

Ina kira ga kwamitocin zakka da wakafi na rassanmu su ware wani kaso don ma'auratan da likita ya tabbatar suna bukatar dashen, da ƙwansu da maniyyinsu. Ɗan'uwan nan na Auyo na gaya masa ya ƙi rangwamen, kuma na yi masa alkawarin kai maganarsa gaban kwamiti a zaman wata mai zuwa, in Allah Ya so.