Tabilet ko littafi? A tambayi mai gyara kafin a raba wa yaranmu

Yau ba saitin waya za mu koya ba. Wata magana ce nake ta gani tana yawo a guruf-guruf na WhatsApp, wai lokaci ya yi da za a daina saya wa ɗalibai littattafai a raba musu tabilet kawai, tunda duniya ta ci gaba. Ni sana'ata gyaran waya ce a nan Kazaure, a jikin waɗannan na'urori nake cin abinci. Idan aka raba tabilet dubu goma a masarautar nan, ni da abokan sana'ata ne za mu fara jin daɗi. Duk da haka ra'ayina shi ne a fara ba kowane yaro littafinsa na takarda, tabilet ta biyo baya, kuma idan ta zo ta fara sauka a hannun malami.

Masu son tabilet suna da gaskiyarsu, ba zan ƙi faɗa ba. Na'ura ɗaya za ta ɗauke duk littattafan da yaro zai karanta daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare har ya gama, kuma da sauran wuri. Za ta nuna masa bidiyon yadda zuciya ke harba jini, abin da zane a allo ba zai taɓa nunawa ba. Ga kuma jarrabawa. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara gwada nata da masu zana jarrabawa daga waje a 2024. Yaron da ya taso a ƙauyen Gwiwa ko Roni bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar JAMB, an cuce shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

To amma zo ka zauna a bencin shagona na rana ɗaya ka ga irin abin da ake kawowa.

Na farko sikirin. Babba mai hankali, wanda da guminsa ya sayi waya, ga kwali ga gilashin kariya, duk da haka tana suɓuce masa ta fashe. Yanzu ɗauki na'urar da fuskarta ta ninka ta waya faɗi, ka ba yaro ɗan shekara goma sha biyu, ya cusa a jaka tare da takalmi da ƙunshin ƙosai, ya hau keke ko bayan mashin, ya isa ajin da mutum huɗu ke zaune a benci ɗaya. Kuma abin da mutane ba su sani ba, sikirin ɗin tabilet ba kamar na Tecno ko itel ba ne da za ka samu a kowane lungu. Irin waɗanda ake yo wa oda musamman don makarantu sau da yawa ba su da wani sanannen suna, kayansu ba sa kasuwa. Sai in aika Farm Centre a Kano a zagaya layi-layi a ce babu, in an samu kuma kuɗin ya kusa rabin na sabuwa. Uban da ke fama da kuɗin taki ba zai biya ba. Na'urar za ta koma ƙarƙashin katifa, kuma duk littattafan yaron suna cikinta: lissafi, Turanci, kimiyya, Hausa, sun tafi rana ɗaya. Littafin takarda in ya faɗi a ɗauka a karkaɗe. In bangon ya cire a liƙe da gam. In ma ya ɓace, darasi ɗaya ne ya tafi.

Na biyu batir, kuma nan ne yanayinmu ke shigowa. Masu ƙera waya da kansu suna rubutawa cewa na'urar ta fi son aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna haura 40, ajin kuma rufin kwano ne, babu silin babu fanka. Zafi shi ne babban abokin gabar irin wannan batir. Yana rage masa ƙarfi, daga baya ya kumbura har ya ɗago sikirin daga ciki. Ko ba zafi, batir yana da iyakar adadin cajin da zai ɗauka kafin ya fara sanyi, shi ya sa bayan shekara biyu zuwa uku na cajin kullum sai ka ji ana cewa wayar ba ta riƙe wuta. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke cika bakin caji. Yaro ya ga ba ta shiga, ya sa tsinke ko allura ya tsokale, shi ke nan an kawo mini.

Wutar fa? Yi lissafin da kanka. Aji mai yara 60, makaranta mai aji 12, tabilet 720 kenan da ke neman caji kusan kullum. A cikin gari ma mun san yadda wuta take, balle ƙauyukan da turke bai kai ba. In aka ce kowa ya yi caji a gida, ma'anarsa yaro ya kai shagon mai caji da janareta ya biya kuɗi kullum, a nan ne kuma ake musanya caja, a ƙona na'ura da caja maras kyau, wani lokaci a neme ta a rasa.

Akwai wanda ya fi duka damuna. Za a ce maka ai an kulle na'urar, ba abin da za ta buɗe sai karatu. Ɗan uwa, ni a cikin sana'ar nake. Duk makullin da aka sa, cikin 'yan makonni za a samu wanda ya gano yadda ake yi mata filashin, bidiyon koyarwa ma zai hau YouTube. Daga nan allon karatu ya zama na TikTok da fassarar fim ɗin Indiya, ko yayan yaron ya karɓe ya ce shi ya fi buƙata. Ba wanda ke kwace wa ƙaninsa littafin lissafi.

Kada ka ɗauka hasashe nake yi, an gwada a wurare. A 2013 gwamnan Osun na lokacin, Rauf Aregbesola, ya ƙaddamar da Opon Imo, wato allon ilimi da Yarabanci. An loda mata littattafai da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, tana aiki ba sai da intanet ba, burin kuma shi ne a raba guda 150,000 ga 'yan babbar sakandare. Tunani ne mai kyau, an yi ta yabonsa har a waje, amma shirin bai ɗore yadda aka yi buri ba. Ƙasar Peru ta raba wa yaran ƙauyuka ƙananan kwamfutoci ƙarƙashin shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa, binciken da aka fitar a 2012 ya nuna makinsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba. Suwidin kuwa, ƙasar da ba ta san ɗauke wuta ba, kuma ta cika azuzuwanta da na'urori, a 2023 gwamnatinta ta juyo tana ware kuɗi don sayen littattafan takarda, musamman ga ƙananan yara. Idan masu wuta da kuɗi suna taka birki, mu da ke roƙon benci da alli ya kamata mu yi tafiya a hankali.

Hanyar da na fi gamsuwa da ita ita ce wadda Edo ta fara bi a 2018 da shirin EdoBEST, irinta kuma aka shigo da ita nan Jigawa da sunan JigawaUNITE tare da kamfanin NewGlobe: malami ne ke riƙe da tabilet, a ciki akwai tsarin darasin da zai koyar, yara kuma suna da littafi da biro. Na'ura ɗaya a aji, a hannun babba, cajinta ba wuya, in ta lalace an san wanda za a tambaya. Shi ma wannan ɗin yana da tasa matsalar, domin malamin da ya koma karanta abin da ke sikirin kamar mai karanta sanarwa, ba ya kallon fuskar yaran ya ga wa ya gane wa bai gane ba, ya rage wa kansa daraja. Amma ko ba komai kuɗin da za a kashe ƙalilan ne idan aka kwatanta da raba wa kowane yaro, ragowar sai a sayi littattafai.

Maganar JAMB kuma ɗaki ɗaya take buƙata a kowace babbar sakandare: kwamfutoci 30 ko 40 na kan tebur, sola da batir nasu na kansu, kowane aji da ranar shigarsa. Jarrabawar ma da linzami da madannai ake yin ta, ba da shafa sikirin ba, don haka mai tabilet bai koyi abin da zai tarar a can ba. Sannan duk wanda zai sa hannu a kwangilar na'urori, don Allah ya tambayi abu uku kafin ya sa: ina kayan gyaranta suke, wa zai gyara, wa zai biya? Muna da kwalejin Hussaini Adamu da cibiyar Informatics a Kazaure, ga jami'ar fasaha ta tarayya a Babura. Ba mu rasa matasan da za a horar su riƙa zagaya makarantu suna duba na'urori ba, sai dai a manta da su a kasafi.

Kai kuma uba ko yaya da ke karanta wannan a wayarka, ba sai ka jira gwamnati ba. Wayar hannunka ta isa ta taimaka wa yaro da yamma, kana kusa da shi. Akwai Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, kyauta ne, akwai darussa har da Hausa. In za ka miƙa masa wayar, shiga saiti, ɓangaren tsaro, ka nemi inda aka rubuta App pinning ko Screen pinning ka kunna, ka zaɓi ya riƙa tambayar lambar sirri kafin a fita. Da ka maƙale manhajar karatun ba zai iya zamewa zuwa wani wuri ba. In littafi ka sauke masa, kashe data gaba ɗaya kafin ka ba shi. Kuma kada ka bari ya yi karatu wayar tana jikin caji, nan ne take ɗaukar zafin da ke kashe batir.