Keke Ɗaya, Aiki Biyu

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, keke ya soma dawo da martabarsa a Bauchi. Magidanta da dama a Ƙofar Wambai da kewaye sun koma neman wa 'ya'yansu keke, domin kuɗin abin hawa zuwa makaranta kullum ya fi ƙarfin talaka. To, a nan ne gardama kan tashi tsakanin uba da ɗa.

Shi yaro idonsa yana kan ɗan guntun keken nan mai taya inci 20 da ake kira BMX, wanda samari ke ɗaga ƙafar gabansa da yamma suna wasa. Ba abin raini ba ne, don kuwa wasan har ya shiga gasar Olimfik ta Tokiyo a 2021. Amma fa ba a yi shi don tafiya ba. Sirdinsa a ƙasa yake, ba shi da kariya, in an ce yaro ya kai abinci gona a hanyar Dass, kafin ya isa gwiwa ta sage. Shi kuwa uba, tunaninsa na kan keke irin na dā, watau Raleigh ko Phoenix mai taya inci 28, wanda ke ɗaukar buhun masara bai ji ba. Wannan kuma nauyinsa da tsawonsa sun fi ƙarfin ɗan shekara 12.

A ganina, mai kuɗin keke ɗaya tak ya nemi matsakaici, watau keken hawan tudu mai taya inci 26 da faffaɗan roba. Yana tafiya a kwalta, yana shiga burji da yashi, kuma yaro ya sami abin ɗan wasansa ba tare da ya karya shi ba.

Sai dai a yi hattara da sabon nan mai ƙyalli, mai sifirin gaba da baya, wanda ake sayarwa da araha. Sifirin ɗin ado ne kawai, nauyi yake ƙarawa, in kuwa ya saki ba mai gyara shi. Gwanjo mai sandararren firam ya fi shi nesa ba kusa ba. In za ka saya, mai karatu, ka duba mahaɗar ƙarfen a wuya da gindin feda. In ka ga tsaga, ko sabon fenti a wuri guda, to an yi walda an rufe, ka bar musu kayansu. Ka ɗaga ƙafar ka juya ta, ka ga ko tana layi. Kana ka sa yaron ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa: in sandar ta taɓa shi, ya yi masa girma, kada a ce wai zai girma ya tarar da shi. Yawan giya kuma kada ya ruɗe ka, 21 da ba sa shiga ba su kai 6 masu aiki ba.

Kafin a biya, a tafi da mai gyaran keken unguwa, a tambaye shi ko ana samun tayarsa da sarƙarsa da robar birkinsa a Kasuwar Wunti. Kuɗin famfo da kwaɗo kuma a ware su tun daga gida.